Ranar da Aka Kashe Injin Guga

A ɗakin wankin otal ɗin, can ƙasan bene inda rana ba ta leƙawa, ba mai kiranta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Rediyo ake ce mata, kuma ta ci sunan. Daga lokacin da za ta zura rigar aiki da safe har ta tuɓe ta da yamma bakinta ba ya hutawa, ga murya a buɗe. Muryar ma dole ce ta mayar da ita haka, domin injinan wanki na ruri, na busarwa na kuka, injin guga na huci, duk mai son a ji ta sai ta ɗaga murya har jijiyar wuya ta fito.

Hayaniyar nan ta koya wa matan ɗakin wata irin magana tasu ta kansu. Ba mai ƙarasa zance ita kaɗai. Zanin gado mutum biyu ke ninke shi, wannan ta kama gefe waccan ta kama gefe, su tako su haɗu a tsakiya, kuma a daidai haɗuwar ne kawai ake jin juna sosai. Sai wannan ta jefa rabin magana, waccan ta cafe ta ƙarasa, wata daga bakin kwandon tawul ta ƙaro nata. In ɗaya ta fara ƙorafi ta ɗan tsaya jan numfashi, kowa sai ta miƙo nata a ɗora a kai, wadda ta fara kuma ba ta ƙin karɓa, don ƙin karɓa a wurinsu wulaƙanci ne. Haka suka saba shekara da shekaru, kuma a wannan fanni ba wadda ta kamo ƙafar Rediyo. Ko daga wane lungu aka jefo mata zance ba ya faɗuwa ƙasa.

Sai dai a makonnin nan zancen Rediyo ya koma guda ɗaya, zancen Auta.

Auta ƙanwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goya ta, ita ce kuma ta yi ta safa da marwa a ƙofar shugaban sashe har aka ɗauke ta aiki, bayan mijin Auta ya rasu ya bar mata yara biyu. Aka ajiye Auta a injin guga, wani ƙaton abu mai faɗin ɗaki wanda ake miƙa masa zani a jiƙe, zafafan ƙarafa su ja shi ciki su fito da shi ta baya a goge. A gaban bakin injin akwai wata doguwar sanda, aikinta ɗaya ne: in hannu ya taɓa ta, injin ya tsaya cak. To sandar nan ta tsufa, ko gefen zani ya goge ta sai ta tsayar da aiki. Shugaban sashen, wanda matan ke kira Sauri-Sauri saboda ita ce kalmar da ya fi iya faɗa, bai kira mai gyara ba. Ya yagi tsohon tawul ya ɗaure sandar da jikin injin tamau, da hannunsa, a gaban kowa, ya ce yanzu ba wadda ke da hujjar tsayawa.

Ranar da abin zai faru zani ne ya naɗe, Auta ta kai hannu za ta warware shi, ƙarfen ya kama yatsunta. Ta doki sandar da ɗaya hannun, ta sake doka, sanda tana ɗaure. Goggo, wadda ta fi kowa daɗewa a ɗakin, ita ta ruga da gurguwar gwiwarta ta kashe wutar daga bango. Yatsu biyu sun tafi, sauran sun ƙone har ba sa lanƙwasuwa.

Da a nan abin ya tsaya da an ce ƙaddara. Amma Sauri-Sauri ya zauna a ofishinsa ya rubuta wa na sama cewa Auta waya take latsawa lokacin da abin ya faru. Waya! Alhali kullum da safe a bakin ƙofa ake karɓe wayoyinsu a zuba a kwando, kwandon kuma a ƙarƙashin teburinsa yake wuni har a tashi. Wannan ƙarya ko ado bai yi mata ba, don ya san ba mai saukowa ya tambaya. Aka ce za a sallami Auta saboda sakaci, ba aiki, ba ɗaukar nauyin magani, sa hannun sabon darakta kawai ake jira.

Rediyo ta hau sama neman daraktan ya fi a ƙirga. Kullum sakatariyarsa sai ta dube ta daga takalmin roba zuwa ɗankwali, ta ce duk mai ƙorafi ya bi ta hannun shugaban sashensa. Wato ta kai ƙarar Sauri-Sauri wurin Sauri-Sauri. Ta sauko tana tafasa, ta zo ta sauke a kunnen su Goggo, su taya ta, a ninke zani a wuce. A gida kuwa ce wa Auta take ta kwantar da hankalinta, muddin tana da baki ba mai korar ta.

Wata safiya suka zo suka tarar an wanke daɓe har yana ƙyalli. Sauri-Sauri ya sa kwat, yana ta raba musu sababbin rigunan aiki yana gargaɗin a mayar masa da su bayan an gama. Darakta ne zai zaga sassa, ba wanda ya faɗa musu sai a lokacin. Da aka ji takunsu a matakala, Sauri-Sauri ya bi injina ɗaya bayan ɗaya ya kashe, aka jera matan a gaban teburin ninki, ɗakin ya yi tsit.

Daraktan bai kai shekarun da Rediyo ta zata ba. Mutum ne mai fara'a, ya gaishe su da ladabi, wata mataimakiya na biye da shi riƙe da waya. Sauri-Sauri ya gyara murya ya fara jawabin da ya haddace, yadda sashen nan yake tamkar gida ɗaya. Bai yi nisa ba daraktan ya ɗaga masa hannu, ya ce tun safe shugabanni yake saurara, yanzu yana son ya ji daga bakin ɗaya daga cikin masu aikin, kowace ce, ta faɗi abin da ke ranta, amma a taƙaice don ana jiransa a wani wurin.

Rediyo ba ta ma san lokacin da ta fito daga layi ba. Hannaye ne suka turo ta ta baya, na Goggo da na Amarya, abokiyar ninkinta, wadda har ta aurar da 'ya sunan bai bar ta ba.

Ta tsaya ita kaɗai a tsakar ɗaki, ba zani a hannu, ba wadda ke riƙe da ɗaya gefen. Mutumin da ta yi makonni tana nema ga shi a gabanta, taku kaɗan, yana kallon ta yana jira. Abubuwa suka taso mata gaba ɗaya, na bana da na bara da na shekarun da suka wuce, kowanne yana neman ya riga fita. Ta danne su. Ta ce wa ranta Auta kawai. Ta faɗi abin da ya faru, ta faɗi cewa zancen waya ƙarya ne, ta roƙe shi kada ya sa hannu, ta rufe bakinta. Ko yaro zai iya wannan.

Ta buɗe baki ta ce, "Yallaɓai," da muryar da ta saba, muryar da aka yi don ta keta rurin injina. A cikin shirun nan kalmar ta daki bango ta dawo, mataimakiyar ta zabura har wayarta ta kusa suɓucewa. Wasu suka ƙunshe dariya. Rediyo ta ji kunya ta rufe ta, ta sassauta murya, sai kuma ta ji muryar kamar ba tata ba. Duk da haka ta yi ta maza.

"Yallaɓai, ƙanwata a wancan injin take aiki. Injin ya cinye mata yatsu biyu, yanzu haka tana gida. Waccan sandar da kake gani, ita ya kamata ta tsayar da shi, amma..."

Ta juya ta nuna sandar. Ba tsumma. An kwance shi, an goge wurin, sandar na sheƙi kamar yau aka kawo ta daga kanti. Ita kuwa a ranta tsumman nan shi ne shaidarta, shi take shirin cewa ya je ya taɓa da hannunsa. Ta tsaya da yatsa a miƙe, bakinta a buɗe, tana neman ta inda za ta ɓullo. Ba ta daɗe ba, numfashi ɗaya ne ko biyu. Amma a ɗakin nan, in mace ta tsaya jan numfashi a tsakiyar ƙorafi, an san abin da ake yi mata.

"Ga zafi," in ji Goggo daga baya, a hankali, da zuciya ɗaya.

Rediyo ta cafe. Ba ta yi shawara ba, bakinta ne ya karɓa kamar yadda hannunta ke karɓar gefen zani. Ta ce ƙwarai ga zafi, ɗakin nan ba taga, fanka ɗaya ce kuma ta mutu tun bara, gumi har cikin ido, ta yaya mutum zai ga abin da yake yi. A ranta ta ce ai wannan ma hanya ce, daga zafin za ta zagayo kan Auta. Kafin ta zagayo Amarya ta jefo safar hannu. Ta cafe, ta ce sabulun da ake ba su yana cin fata, ta ware tafukanta ta nuna masa yadda suka tsattsage. Wata ta jefo ƙofar banɗaki da ba ta rufuwa. Wata ta jefo matakalar da ba fitila. Wata can ƙarshen layi, wadda ko gaisuwar kirki ba sa yi, ta jefo zancen hutun cin abinci da ake yi a tsaye. Duk ta karɓa, ba wanda ya faɗi ƙasa.

Abin takaicin shi ne ta iya. Tunda take ba ta taɓa magana mai daɗin ta ranar ba. Kunyar ta wuce, muryar ta zauna daidai, kalmomi na zuwa da kansu. Ta ce in aka ƙara musu wata ɗaya a zafin nan ba sai an sayi injin busarwa ba, a rataya tawul a jikinsu kawai. Daraktan ya tuntsire da dariya har yana dafa teburi. Mataimakiyar ma ta yi, tana ta latsa waya tana ajiye abin da ake faɗa. Matan suka saki jiki, kowa fuska a washe, yau ga tasu a gaban manya tana zuba. Dariyar babban mutum kuwa tana da daɗi, ba wanda zai ce ba ta da shi, kuma Rediyo ta sha ta har ta ƙara wani abin dariyar a kan na farko.

Sai idonta ya faɗa kan Sauri-Sauri. Ɗazu da ta ambaci sanda fuskarsa ta yi fari fat, ya kama makullan aljihunsa ya damƙe. Yanzu kuwa ya harɗe hannu a ƙirji yana dariya tare da kowa, har yana gyaɗa kai yana cewa gaskiya ne, fankar nan shi ma ta dame shi. Nan ta sha jinin jikinta. Ta waiwaya cikin zancenta tana neman inda ta ajiye Auta, ta tarar ta baro ta can baya, tun wajen yatsu biyu. Ba ta ambaci tsumma ba, ba ta ambaci waya ba. Kalmar kora ko sau ɗaya ba ta fito daga bakinta ba.

Ta ja numfashi za ta koma, amma mataimakiyar ta riga ta matso ta raɗa wa daraktan wani abu. Ya ɗaga hannu yana murmushi. Ya ce rabon da ya ji magana mai ma'ana irin wannan har ya manta, kuma ba zai bar ɗakin nan da alkawarin baka ba: fankoki za su zo cikin makon nan, safar hannu ma haka, kafinta zai duba ƙofar banɗaki yau ɗin nan. Ɗakin ya ɗauki tafi. Goggo har da share hawaye da gefen sabuwar rigar aro.

Rediyo ta bi shi taku biyu cikin tafin.

"Yallaɓai, ƙanwar tawa fa..."

Ya juyo daga bakin matakala, ya dafa ƙirji, kuma har ga Allah da tausayi a fuskarsa.

"Af, haka ne. Allah ya ba ta lafiya. Ki gaishe min da ita sosai."

Ta buɗe baki, a daidai lokacin Sauri-Sauri ya kai hannu bango ya tayar da injina. Abin da ta faɗa ko ita ba ta ji shi ba. Ta ga bayan kwat ɗin daraktan yana hawa, mataimakiyar na biye, ƙofa ta rufe.

Matan suka yanyame ta. Wannan ta rungume ta, waccan ta ɗaga hannunta sama, Amarya na ihu a kunnenta cewa yau ta wanke su. Rediyo ta fizge jikinta. Ta juya kan Goggo, tsohuwar da ba ta taɓa ɗaga wa murya da faɗa ba, ta tambaye ta wa ya aike ta, wa ya ce ta sa mata baki, zafi yau aka fara shi? Goggo ta ce ita gani ta yi ta tsaya, ta zaci zancen ne ya ƙwace mata, ta taya ta kamar kullum. Ta ce in ta yi laifi a yafe mata, ita ma Auta 'yarta ce.

Wannan ya fi komai ƙona wa Rediyo rai. Goggo ce ta kashe wutar ranar da injin ya kama Auta. Duk matan nan ba wadda ba ta je duba Auta ba. Ba wadda ta jefo ƙarya, zafin gaskiya ne, tsagewar hannun gaskiya ce, kuma ba wadda ta matse mata baki ta ce sai ta karɓa. Tana tsaye tana huci ba ta san inda za ta sauke ba, sai ga Sauri-Sauri ya zo karɓar rigunansa. Ya tsaya a gabanta, baki har kunne, ya sunkuyo don ta ji shi sosai.

"Kin fitar da mu kunya. Dama na san in dai magana ce ba ki da na biyu."

Da ta bi ta zuciyarta da ta shaƙe shi da rigar. Ta tuɓe ta jefa masa, ta haye matakala ba tare da ta nemi izinin kowa ba, ta ratsa ta gaban baƙin otal da takalmin robarta yana ɗiga. Sakatariya ta ɗago ta gan ta, karo na farko ta yi mata murmushi, ta ce ashe ita ce mai jawabin da ake ta labari. Rediyo ta ce minti ɗaya take so da shi, ɗaya tak. Sakatariya ta ce ai ya fita, tafiya ce ta kama shi, sai wani makon. Ta ƙara da cewa in zancen ƙanwarta ne ta yi haƙuri, kafin ya tashi ya sa hannu a duk abin da ke kan teburinsa, har da takardar sallamar. Sai ta dube ta da mamaki na gaskiya, ta ce ai ta samu dama a gabansa, kowa ya ce ya saurare ta har ƙarshe, me ya hana ta faɗa masa?

Rediyo ta sauko ta ƙarasa aikin ranar. Ta ninke zannuwa da Amarya, suna haɗuwa a tsakiya suna rabuwa, Amarya na satar kallonta. Kafin a tashi kafinta ya zo ya gyara ƙofar banɗaki, mata na shiga suna fita suna gwada sakatar.

Da yamma ba ta wuce gidanta ba, ta biya ta ɗakin Auta kamar yadda ta saba. Tun daga tsakar gida ta ji muryarta tana dariya, abin da ta kwana biyu ba ta ji ba. Ta ɗaga labule ta same ta zaune a bakin katifa, hannun dama a naɗe a kan cinya, tana fama da maɓallin rigar ƙaramar 'yarta da hagu. An share ɗakin, an ɗora ruwan shayi, har kofin baƙi an fito da shi.

Auta ta miƙe tana gyara ɗankwali. Ta ce ana tashi daga aiki ɗaya daga cikin matan ta kira ta ta ba ta labari, wai Yaya ta tsaya gaban darakta ba shiri ba komai, ta yi magana har ya riƙe ciki, ɗaki ya ɗauki tafi, Sauri-Sauri ya rasa inda zai sa kansa. Ta ce ita dama ta faɗa wa yaran su daina damuwa, in dai Yaya ta samu ganinsa an gama. Ta jawo mata kujera, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta kamar lokacin da take yarinya.

"To Yaya, ba ni labari. Me ya ce a kaina?"

Rediyo ta dubi hannun da ke naɗe, ta dubi yarinyar da ke tsaye da riga a buɗe.

"Ya ce a gaishe ki."

Auta ta gyaɗa kai da jin daɗi. Ta ci gaba da kallon bakin yayarta tana murmushi, tana jiran sauran.